Juyayyen aji a kwas ɗin fiziks na shekarar farko: kundin yadda aiki yake tafiya

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Tsarin kwas ya kammala. Mako goma sha biyu ne, ɗalibai sittin, zama biyu a mako, Talata da Alhamis, kowane zama minti 90. Abin da za a karanta shi ne motsi da ƙarfi: gudu, hanzari (wato yadda gudu yake canzawa), dokokin Newton guda uku, sannan aiki da makamashi a ƙarshe. Bayanin da aka saba yi a lacca ya koma bidiyo da takardar karatu, ɗalibi ya gama da su kafin ya shigo. Lokacin aji kuma ya zama na warware tambayoyi, wato aikin da a da ake ba shi ya je ya yi shi kaɗai a gida, inda babu wanda zai tambaya idan ya maƙale.

Maureen Lage da Glenn Platt da Michael Treglia sun bayyana irin wannan tsari, wanda ake kira juyayyen aji, tun a 2000, a darasin tattalin arziki na Jami'ar Miami ta jihar Ohayo. Waɗanda suka fi yaɗa shi su ne Jonathan Bergmann da Aaron Sams, malaman kemistiri a sakandaren Woodland Park ta jihar Kolorado a Amurka, da suka fara naɗar darussansu a 2007 domin ɗaliban da wasanni da tafiye-tafiye suke sa su rasa aji. Daga gare su muka ɗauki abu guda tun yanzu: sai an koya wa ɗalibi yadda ake kallon bidiyon darasi, ba a ɗauka ya iya.

Lissafin lokaci ne ya fi cin muhawara. Ƙa'idar da jami'o'in Amurka suke bi ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana tafiya da kusan awa biyu na karatu a waje. Awa uku muke da su a aji, ke nan ɗalibi yana da kimanin awa shida a mako. Daga ciki aka ware awa biyu domin shiri, awa ɗaya kafin kowane zama: bidiyo na jimillar minti 20, wanda zai ci kusan minti 35 idan ana tsayarwa ana rubutu, shafi uku ko huɗu na karatu, minti 15, gajeren gwaji a intanet, minti 10. Sauran awa huɗun na bita ne da atisaye bayan aji. An rage tsohon aikin gida da kusan kashi ɗaya bisa uku, domin abin da ya fi kashe irin wannan kwas shi ne a ɗora bidiyo a kan aikin da ake bayarwa dā ba tare da an sauke komai ba. Ɗalibin da ke ɗauke da kwas biyar ko shida, idan kaya ya yi masa yawa, shiri zai fara zubarwa, tunda shi ne ba a saurin gane an bar shi.

Rabon maki: shiri kashi 10 cikin ɗari, aikin aji 15, jarrabawar tsakiyar zango 25, ta ƙarshe 50.

Alhamis, 4 ga Satumba

An naɗi bidiyon mako uku na farko. Kowanne batu guda yake ɗauke da shi, tsawonsa minti shida zuwa takwas, uku kafin kowane zama. A 2014 Philip Guo da Juho Kim da Rob Rubin sun duba kallo miliyan 6.9 a dandalin edX, suka tarar komai tsawon bidiyo, matsakaicin lokacin da mai kallo yake tsayawa bai cika wuce minti shida ba, kuma bidiyon da ake ganin rubutu yana fitowa daga hannun malami ya fi riƙe mutane a kan wanda ake ta juya shafukan da aka riga aka buga. Saboda haka muke rubuta lissafin muna magana, ba ma nuna shi a gama.

Da manhajar OBS Studio ake naɗa, da manhajar HandBrake ake matse fayil. Bidiyo mai minti bakwai idan aka bar shi a megabit huɗu a sakan, megabait 210 ne. Idan aka sauko da shi kilobit 400 a sakan, megabait 21 ne, kuma rubutu baƙi a kan farin allo ba ya dushewa, tunda hoton ba ya motsi sosai. Shida a mako sun kama kusan megabait 126, ana iya sauke su gaba ɗaya a kalla ba tare da intanet ba. Murya kuwa ba a yi mata rowa. Ɗalibi yakan jure hoto mai ɗan hazo, amma da ya ji amsa-kuwwa ko ƙarar fanka zai rufe. An ɗaura ƙaramin makirfo a ƙirji, an kuma gwada kowane bidiyo a ƙaramar waya kafin a ɗora, domin ƙananan lambobin da ke sama da haruffa, irin na sakan sau sakan, su ne suke fara ɓacewa.

Kowane bidiyo yana da rubutaccen kwafin abin da aka faɗa a cikinsa, ga wanda ba ya ji sosai ko wanda karatu ya fi masa sauri.

Talata, 9 ga Satumba

Zama na farko. Ba a fara fiziks ba. Rabin awa na farko ya tafi a gwajin fahimtar ƙarfi da David Hestenes da abokan aikinsa suka fitar a 1992 aka sake gyara shi a 1995, tambaya 30 babu lissafi, babu maki. Za a sake shi a ƙarshen zango a ga nisan da aka yi. Sauran lokacin an yi shi ne a kan shiri, aka kunna bidiyo guda a aji, kowa ya yi abin da ake so ya riƙa yi a gida.

Ana raba shafin littafi gida uku, irin tsarin da Walter Pauk ya koyar a Jami'ar Cornell: babban fili a dama na rubutu, siririn fili a hagu na tambayoyi, layi biyar a ƙasa na taƙaitawa. Kafin a kunna bidiyo ana karanta tambayoyi biyu da aka sa a ƙarƙashin sunansa, domin a san abin da ake nema. Idan malami ya rubuta tambayar misali a bidiyo, a tsayar kafin ya fara warwarewa, a gwada na minti biyu ko uku, ko da zane kaɗai za a iya yi, sannan a ci gaba a ga inda hanya ta rabu. Wannan matakin ne ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi amfani. Wanda ya kalli malami yana warware lissafi yakan ji komai ya zauna masa, don kowane layi yana bin na gabansa daidai. Sai ya ɗauki biro ya ga layin farko ma bai san daga ina ya fito ba.

Idan bidiyo ya ƙare, a rufe shi, a rufe babban filin da hannu, a rubuta jimla uku daga kai. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada wannan a 2006: waɗanda suka karanta nassi sau ɗaya sannan suka yi ta ƙoƙarin tuno shi sun riƙe kashi 61 cikin ɗari bayan mako guda, waɗanda suka yi ta maimaita karatu suka riƙe kashi 40, alhali su ne suka fi tabbatar wa kansu cewa za su tuna. Na ƙarshe, a rubuta tambaya ɗaya ta gaske. «Ban gane hanzari ba» ba tambaya ba ce da za a iya amsawa. «A minti na huɗu an ce hanzarin yana da alamar ragi alhali motar tana tafiya gaba, yaya haka?» ita ce irin wadda ake so.

An yi tambaya a kan ƙara saurin bidiyo. Wani bincike a Jami'ar Kaliforniya ta Los Angeles ya nuna fahimta ba ta raguwa sosai har zuwa ninki biyu, sai an kai ninki biyu da rabi take faɗuwa, amma bidiyon da suka yi amfani da su na tarihin Daular Rum ne da ƙiyasta darajar gidaje, babu lissafin da ake bi layi-layi. Mun yarda da ninki ɗaya da rabi a wurin bayani, a dawo daidai idan an zo misali.

Talata, 16 ga Satumba

Gwajin shiri yana kan Moodle, manhajar gudanar da kwas a intanet, yana rufewa ƙarfe tara na daren da ya gabaci zama. Tambaya biyar: uku na zaɓi, ɗaya ta ɗan lissafi, ɗaya ta buɗe inda ɗalibi zai sa tambayarsa. Salon Gregor Novak da abokansa ne, waɗanda suka tsara shi a ƙarshen shekarun 1990 domin malami ya karanta amsoshi ya gyara darasin gobe da su.

Matsaloli biyu sun bayyana da wuri. Rajistar manhaja tana nuna an buɗe bidiyo, ba ta nuna an kalla; akwai masu buɗe gwaji tukuna, su koma bidiyo suna jan layi suna farautar wurin amsa. Sannan amsoshin zaɓi suna yawo a wayoyi tun kafin magariba. Dukansu biyu tushensu ɗaya: an ɗora maki a kan dacewa da amsa, sai amsa ta zama abin nema.

Gyaran da aka yi. Tambayar lissafi ta koma irin wadda Moodle yake canza wa lambobi, kowa da nasa, hanya ɗaya ce amma sakamako daban. Tambayoyin zaɓi suna fitowa daga rumbu mai tambaya goma. Rabin makin gwaji ya koma kan jimla biyu da ɗalibi zai rubuta na dalilin zaɓinsa, kuma dalili na gaskiya yana samun cikakken maki ko da kuskure ne. Wannan ya zama dole, domin kuskuren shi ne kayan aikin zaman gobe; idan aka hukunta shi zai ɓuya. An kuma sa tambaya guda a tsakiyar kowane bidiyo da manhajar H5P, ba ya wucewa sai an amsa. Karl Szpunar da abokansa a Harvard sun nuna a 2013 cewa datse lacca ta intanet da gajerun tambayoyi yana rage tafiyar hankali, yana kuma ƙara yawan rubutun da ɗalibai suke yi. Ga waɗanda suke sauke fayil, tambayar tana bayyana a allo tare da umarnin a tsaya.

Alhamis, 18 ga Satumba

Karanta amsoshi sittin yana cin minti 30 zuwa 40 idan ana jefa su tuli uku: abin da kusan kowa ya kama, abin da ya raba kan aji, da tambayar mutum ɗaya. Na farko ba a taɓa shi a aji. Na biyu shi ne zaman. Na uku ana amsa shi a rubuce. Ana buɗe zama da amsa biyu ko uku a kan allo, yadda aka rubuta su, babu suna. Tun da ɗalibai suka ga maganarsu ce take bayyana, tambayoyin da ake turowa suka ƙara tsawo da kaifi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Rabon minti 90 ya daidaita haka: goma na amsa tambayoyin daren jiya, 35 na tambayoyin ƙuri'a, 35 na aikin rukuni, biyar na ɗaure bayani, biyar na takardar fita, inda kowa yake rubuta abin da ya fi rikita shi yau. Frederick Mosteller ne ya yi suna da wannan tambayar a darasinsa na ƙididdiga a Harvard.

Tambayoyin ƙuri'a hanyar Eric Mazur ce, shi ma na Harvard, wanda ya fara ta a farkon shekarun 1990 bayan ya ga ɗalibansa suna cin lissafi mai wuya suna faɗuwa a tambayar fahimta mai sauƙi. Kowane ɗalibi yana da takarda ɗaya da aka naɗe gida huɗu, A zuwa D, da manyan haruffa. Ana nuna tambaya, a yi shiru na minti ɗaya, a ƙirga uku, kowa ya ɗaga a ƙirjinsa, inda malami zai gani na kusa ba zai gani ba. Idan fiye da kashi 70 cikin ɗari sun dace, bayani na minti ɗaya ya isa. Idan ba su kai 30 ba, tattaunawa ba za ta haifar da komai ba, sai a yi ɗan bayani ko a ba da alama a sake. Tsakanin nan ne ake cewa kowa ya nemi wanda amsarsa ta saɓa da tasa ya gamsar da shi, minti biyu zuwa uku, a sake ƙuri'a, sannan malami ya rufe da dalili, har da dalilin da ya sa amsar kuskure take da daɗin ji.

Misalin wannan makon: an jefa ƙwallo sama, a daidai ƙololuwar da ta tsaya kafin ta juyo, nawa ne hanzarinta? Da yawa sukan ce sifili, saboda gudunta sifili ne. Amsar ita ce mita 9.8 a sakan a kowane sakan, zuwa ƙasa, kamar yadda yake tun da ta bar hannu. Hujjar da ta fi juya mutane daga bakin ɗalibai take fitowa: da gudu da hanzari duka sifili ne, da ƙwallon ta tsaya a iska ke nan ba za ta sauko ba. Bidiyo ya faɗi wannan ƙarara, sun kalla, sun rubuta, amma tsohon tunani yana nan ƙarƙashi sai da tambaya ta tono shi.

Abu biyu ba a yi. Ba a faɗin yadda ƙuri'ar farko ta kasu kafin tattaunawa, don mutane sukan bi rinjaye. Kuma ba a ba da maki a kan dacewa a ƙuri'a. Akwai mai cewa ai kwafa kawai ake yi daga wanda ya sani. Michelle Smith da abokanta a Jami'ar Kolorado sun gwada wannan a 2009 a darasin kimiyyar gadon halitta: bayan tattaunawa suka ba da sabuwar tambaya mai tushe ɗaya da ta farko, kowa ya amsa shi kaɗai, sai aka ga an ƙaru, har a rukunonin da babu wanda ya dace da farko. Mun ɗauki dabarar: kowace tambaya mai wuya tana da 'yar'uwa da ake fitowa da ita bayan kwana biyu.

Tambaya huɗu ke shiga minti 35, wani lokaci biyar. Shida ba ta shiga.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Mako na huɗu, sauran kwasa-kwasai sun fara ba da gwaji, masu zuwa ba shiri sun ƙaru. Ana gane su tun kafin a duba rajista: suna jinkirin ɗaga takarda, suna leƙen gefe.

A nan ne kwas yake tsayawa ko ya rushe. Abin da zuciyar malami take raya masa shi ne ya ɗauki minti ashirin ya maimaita bidiyon don kowa ya taho tare. Idan ya yi haka sau biyu, wanda ya ɓata awa guda daren jiya ya gane an yi masa wayo, mako mai zuwa shi ma ba zai yi ba, a ƙarshe a koma lacca da rabin lokacinta. Don haka ba a maimaitawa. Minti goman farko na amsa tambayoyin waɗanda suka yi shiri ne kawai.

Wanda bai yi ba, ba a kore shi, ba a kuma kunyata shi. Akwai tebur a baya. Ya zauna da wayarsa da abin saƙala wa kunne, ko rubutaccen kwafin, ya gama bidiyon da taƙaitawarsa, ya shiga rukuninsa idan an zo aikin rukuni. Ya rasa makin shirin ranar da tambayoyin ƙuri'a, shi ke nan. Ana yafe mafi ƙarancin maki uku a zango, ba a neman uzuri.

An tambaye su ɗaya-ɗaya, dalilai suka rabu, kowanne da maganinsa. Mai matsalar intanet: yanzu ana ɗora kayan mako gaba ɗaya tun Juma'ar da ta gabata, a sauke lokaci guda. Mai aiki ko hidimar gida da yamma: wannan ma ya taimake shi, don yana iya yin shirin zama biyu a ƙarshen mako. Wanda ya fara ya maƙale a minti na uku ya bari: yawanci lissafin kusurwa ne ko aljabra ya kayar da shi, ba fiziks ba, sai aka ƙara gajerun bidiyo huɗu na tuni, na ganin dama. Sai wanda ya ɗauka zai tsinta a aji. Shi teburin baya ya ishe shi bayani.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Rukuni goma sha biyu, mutum biyar-biyar, malamai ne suka haɗa, kuma ba za a sauya ba sai ƙarshen zango. Larry Michaelsen, wanda ya gina koyo ta rukuni a Jami'ar Oklahoma tun ƙarshen shekarun 1970, ya dage a kan waɗannan biyun: abokai idan suka zaɓi juna sukan bar wani a gefe, kuma rukuni yana buƙatar makonni kafin mai shiru ya fara musu. An gauraya su bisa sakamakon gwajin ranar farko.

Kowane rukuni yana da ƙaramin farin allo, santimita 60 da 80, da alƙalamin allo guda ɗaya tak. Guda ɗaya da gangan. Idan aka ba su takarda mai tambaya biyar, kowa zai ɗauki ɗaya, su haɗa a ƙarshe, babu wanda ya yi magana da wani. Tambaya ɗaya ake bayarwa a lokaci guda, kuma kowane rukuni ita yake yi. Alƙalami yana zagayawa, kuma mai riƙe da shi abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Idan aka bar shi a hannun gwanin rukuni, huɗu sun zama 'yan kallo. Wanda zai yi bayani a ƙarshe da ƙuri'a ake fitar da shi, lamba ɗaya zuwa biyar, bayan an gama.

Tambayar yau: mutum mai kilogiram 60 yana tsaye a kan sikeli a cikin lifta. Me sikelin zai nuna idan lifta tana tsaye, idan ta tashi sama da hanzarin mita 2 a sakan a kowane sakan, da kuma idan tana hawa da gudu marar canzawa? Na farko 60 sau 9.8, wato niyuton 588 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), na biyu 60 sau 11.8 (9.8 haɗe da 2), wato 708, na uku ya koma 588. A na ukun aka fi faɗuwa, saboda ana jin duk abin da ke hawa dole ƙarfin sama ya rinjayi na ƙasa. Ƙa'idar da aka kafa: ba a rubuta lamba ko ɗaya sai an zana mutumin, an sa kibiya ga kowane ƙarfi da ke aiki a kansa, an faɗi abin da yake jawo kowace kibiya. Kibiyar da ba a iya faɗin mai ita ba, a goge ta.

Malami da mataimaki guda suna zagayawa, ba sa wuce minti biyu a tebur, ba sa karɓar alƙalami. Idan aka ce «Malam, daidai ne?» sai a tambayi wani a teburin ko ya yarda, da dalilinsa. Idan tebur huɗu suka faɗa rami ɗaya, a tsayar da aji gaba ɗaya na minti biyu.

Talata, 14 ga Oktoba

Dawo da hankalin mutum sittin daga muhawara yana cin fiye da minti ɗaya kowane karo idan da murya ake yi. Yanzu agogo mai ƙirgawa baya yana kan allo, malami ya ɗaga hannu, duk wanda ya gani ya ɗaga nasa ya yi shiru. An kuma bar layin kujeru ɗaya fanko bayan kowane biyu, domin a iya isa teburan tsakiya.

Alhamis, 16 ga Oktoba

An karɓi ra'ayin ɗalibai a rubuce, babu suna. Koke uku suka maimaitu: aiki ya yi yawa, muna koya wa kanmu, kuma a lacca mun fi ganewa.

Na farko an bincika. An nemi wasu su rubuta lokacin da shiri yake ci musu na mako guda, sai aka ga na dokar Newton ta biyu ya zarce awa ɗaya da nisa, don misalansa dogaye ne. An cire misali guda daga kowane bidiyo na wannan sashe an mai da shi aji.

Na uku kuwa sananne ne. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa suka raba ɗaliban fiziks na Harvard gida biyu, darasi ɗaya, takardu ɗaya, wasu da lacca mai santsi daga ƙwararren malami, wasu da warware tambayoyi a rukuni, sannan aka musanya. Waɗanda suka yi aiki da hannunsu sun fi cin gwaji, amma sun ce sun fi jin sun koya a lacca. Wahalar tunani ce suke fassarawa da rashin ganewa. An nuna wa aji wannan, tare da nazarin Scott Freeman da abokansa na 2014 da ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da lissafi da injiniyanci: faɗuwa a kwas kashi 33.8 cikin ɗari a ajin lacca, 21.8 a ajin da ɗalibai suke aiki. Ya kamata a lura cewa wannan nazari a kan aiki a cikin aji yake, bai ce komai a kan bidiyo ba. Bidiyo wuri kawai yake samar wa aikin.

Koke na biyu yana da gaskiya a cikinsa. Minti biyar na ɗaure bayani su ne suke salwanta idan aikin rukuni ya ja, ɗalibai su fita da allo cike da amsoshi ba su san wacce ce ta tsaya ba. An mai da su minti takwas, an sa ƙararrawa, kuma ana ɗora cikakkiyar warwarar kowace tambaya a yammacin ranar.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Jarrabawar tsakiyar zango, mataki biyu, irin wadda aka yi amfani da ita sosai a Jami'ar British Columbia ta Kanada. Minti 60 kowa shi kaɗai, a karɓe takardu, sannan minti 25 rukuni ya sake amsa wani ɓangare na tambayoyin a takarda ɗaya. Kashi 85 na makin daga aikin mutum, 15 daga na rukuni, kuma makin rukuni ba ya rage wa kowa nasa.

Rabin tambayoyin na fahimta ne irin na ƙuri'a, da filin rubuta dalili. In ba haka ba ɗalibai za su gane cewa abin da ake muhawara a kai a aji ba shi ake tambaya ba. Ɗaya daga ciki: babbar mota mai kilogiram 10,000 ta yi karo da ƙarama mai 1,000, wacce ta fi buga wa 'yar'uwarta ƙarfi? Ƙarfin ɗaya ne, bisa dokar Newton ta uku. Abin da ya bambanta shi ne hanzari, na ƙaramar ya ninka na babbar sau goma, shi ya sa waɗanda ke cikinta suka fi jin jiki.

Talata, 28 ga Oktoba

An gama duba takardu. Zanen ƙarfi ya zauna wa yawancin aji. Raunin yana dogayen lissafi masu mataki uku ko huɗu, kuma ya fi bayyana ga waɗanda suke bin magana sosai a rukuni amma ba su taɓa kai tambaya ƙarshe su kaɗai ba. Awa huɗun atisaye na bayan aji ba su da wani abin miƙawa, shi ya sa suke zubewa.

Daga wannan mako, minti biyar na farkon aikin rukuni kowa zai fara shi kaɗai a littafinsa kafin a ɗauki allo. Kowace Juma'a za a miƙa tambaya biyu da aka warware daga farko har ƙarshe, a rubuce da hannu, makinsu daga cikin kashi 15 na aikin aji. Za a kira waɗanda suka rasa gwajin shiri fiye da uku, kowa minti goma, kafin a shiga sashen makamashi, domin shi a kan dokokin Newton yake zaune.

Bidiyon aiki da makamashi guda shida an naɗa, saura matsewa da rubutaccen kwafi. Za a ɗora su ranar Juma'a, 31 ga wata. Rumbun tambayoyin ƙuri'a na wannan sashe bai cika ba: akwai takwas, ana buƙatar sha shida da 'yan'uwansu, kuma waɗanda suka shafi gogayya su za a fara rubutawa.